Karo-karon Zamani: Wa Ke Zubi, Wa Ke Kwasa?

Saƙon yakan shigo ne bayan isha'i, lokacin da kowa ya kishingiɗa yana latsa waya. Hoton yaro a gadon asibiti an ɗaura masa ruwa, ƙarƙashinsa takardar likita mai hatimi, sai jimillar kuɗin aiki, sai lambar asusu da sunan banki. A ƙarshe kuma roƙon da kowa ya riga ya haddace: don Allah ko ba ka da abin bayarwa, ka taimaka ka tura gaba. Wani ya sa dubu ɗaya, wani ɗari biyar, wata Hajiya ta sa dubu hamsin ta ce kada a ambaci sunanta. Jefi-jefi mai riƙe da asusun ya ɗauki hoton abin da ya shigo ya liƙa a zauren WhatsApp don kowa ya gani. In an yi dace, kafin Juma'a ta zagayo sai sanarwa ta fito: Alhamdu lillahi kuɗi sun cika, an rufe karɓa, Allah ya saka wa kowa da alheri. In ba a yi dace ba, sanarwar rasuwa ce za ta biyo baya, a koma shawarar yadda za a yi da abin da aka tara.

Wannan kuɗi ba ya cikin kasafin gwamnati, ba ya cikin littafin bashin banki, ba kuma kamfanin inshora ne ya biya shi ba. Amma ya biya likita, ya sayi magani. Ɗan'uwansa ne ke haƙa rijiyar burtsatse a unguwa, yake rufa masallacin Juma'a, yake tayar da ɗan kasuwar da gobara ta cinye wa shago. Masana tattalin arziki a Turai da Amurka sun shafe kusan shekara ashirin suna rubuce-rubuce a kan abubuwa biyu da suke ɗauka intanet ce ta haifa. Na farko tara kuɗi kaɗan-kaɗan daga hannun mutane masu yawa. Na biyu raba aiki, ko neman dabara, daga taron mutanen da ba ma'aikatanka ba ne. Wanda ya tashi a gidan da ake adashi, ya ga gudummawar biki, ya taɓa zuwa gayya, ba zai ji wannan a matsayin sabon labari ba. Abin da ya canja shi ne nisa. A da wanda ka sani kake bai wa, yanzu wanda ba ka taɓa gani ba. Daga wannan canji ne duk alherin abin ya fito, daga nan kuma duk masifarsa ta fito.

Daga jaridar Pulitzer zuwa tabarau na dala biliyan biyu

A 1885 Faransa ta riga ta ƙera mutum-mutumin nan na 'Yanci ta ba Amurka kyauta, amma babu kuɗin kammala dandamalin da za a ɗora shi a New York. Majalisa ta ƙi, attajirai sun noƙe. Sai Joseph Pulitzer, mai jaridar New York World, ya yi shela cewa duk wanda ya ba da wani abu, ko kwabo ne, zai ga sunansa a jarida. Cikin 'yan watanni aka tara sama da dala 100,000 daga mutum fiye da 120,000, akasarinsu abin da suka bayar bai kai dala ɗaya ba. Pulitzer ya gane abin da duk maroƙin biki ya sani: mutum yana son a ji sunansa cikin masu alheri. Cinikin jaridarsa ma ya ƙaru, don haka ba a ce ya yi don Allah zalla ba.

Intanet ta ɗauki wannan dabara ta rage mata tsada. A 1997 masoyan wata ƙungiyar mawaƙa ta Ingila, Marillion, suka haɗa dala 60,000 ta intanet don a kawo musu ita Amurka. A 2005 aka buɗe Kiva, inda mutum zai ranta wa ɗan ƙaramin mai sana'a a wata nahiya dala 25, aka kuma buɗe Zopa a Ingila, inda mai rarar kuɗi zai bai wa mai nema bashi ba tare da banki a tsakani ba. Indiegogo ta zo a 2008, Kickstarter a 2009, GoFundMe a 2010.

Tsarin Kickstarter ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne amfanin abin ga tattalin arziki ya fi fitowa fili. Mai dabara zai bayyana abin da yake son ƙerawa, ya faɗi adadin da yake buƙata, ya sa wa'adi. In kuɗin sun cika kafin wa'adi, a ba shi, shafin ya cire kashi 5 cikin 100. In ba su cika ba, ko sisi ba a cire wa kowa. Fiye da rabin masu nema ba sa kai wa ga adadin da suka sa, kuma wannan ba aibi ba ne. Wanda ya kasa samun mutum ɗari biyu da za su biya tun kafin a ƙera kaya ya sami labarin kasuwarsa a araha, bai sayar da gona ya gina masana'anta ba tukuna. Banki yana tambayar jingina da tarihin ciniki. Jama'a kuwa tambaya ɗaya suke amsawa, wadda ita ce ta fi kowace muhimmanci: akwai mai saye?

Sai dai a dubi labarin Oculus. A 2012 wani matashi ɗan shekara 19, Palmer Luckey, ya nemi dala 250,000 don ƙera wani tabarau na kwamfuta wanda in ka sa shi sai ka ga kamar kana cikin wasan da kake bugawa. Mutum 9,522 suka zuba masa sama da dala miliyan 2.4. A Maris na 2014 kamfanin Facebook ya saye Oculus a kan kimanin dala biliyan 2. Waɗanda suka zuba kuɗin farko, lokacin da abin yake mafarki, sun sami na'urar gwaji ko riga ko takardar godiya, gwargwadon abin da kowa ya bayar. Daga cikin biliyan biyun nan ba su ga ko anini ba, kuma ba a cuce su a shari'a ba, domin ba hannun jari suka saya ba. Sun ɗauki kasadar mai jari, aka sallame su da ladan mai sayen kaya. Akwai ma waɗanda ko kayan ba su gani ba. Coolest Cooler, wani akwatin sanyaya abin sha, ya tara dala miliyan 13 a 2014, kamfanin ya rufe a 2019 dubban mutane na jiran nasu. Binciken da Ethan Mollick na Jami'ar Pennsylvania ya yi a 2015 ya nuna kusan kashi 9 cikin 100 na ayyukan da aka cika wa kuɗi a Kickstarter ba su kai wa mutane abin da aka yi musu alkawari ba.

Don a buɗe wa talaka ƙofar zama mai hannun jari ne Shugaba Obama ya sa hannu a wata doka a 2012, wadda sashenta na tara jari daga jama'a bai fara aiki ba sai 2016. A Ingila abin ya fi saurin kankama: a 2016 bankin waya na Monzo ya tara fam miliyan ɗaya daga jama'a cikin daƙiƙa 96.

Abin da uwar adashi take da shi

Kafin a zo kan yadda abin ya kaya a Najeriya, a leƙa ɗakin uwar adashi. Littafinta na makaranta ne mai layi, kowane shafi da sunan mai zubi, kowace rana da ɗan kan sarki ko ɗigon biro. Yarinya ce ke zagayawa gida-gida da la'asar tana karɓo zubi. Babu lauya, babu jingina, babu takardar yarjejeniya. To me ya hana wadda ta yi kwasar farko ta daina zubi? Uwar adashi ta san mijinta, ta san gidan iyayenta, ta san wadda ta kawo ta. In ta ci amana, labari zai riga ta isa gidan suna. 'Yarta za ta yi aure wata rana, kuma waɗannan matan ne za su kawo gudummawa. Kunya da sanayya su ne jinginar, kuma sun fi takardar fili saurin aiki, domin ba sai an je kotu ba. Uwar adashi ta san wadda za a bai wa kwasar farko da wadda za a ajiye a ƙarshe har a ga kamun ludayinta. In wata ta gaza, sau da yawa ita ke cikawa daga aljihunta don kada sunanta ya ɓaci.

Adashi yana da iyakarsa. Ba ya haifar da riba, juya kuɗi kawai yake yi, kuma a shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, kamar yadda aka gani a Disambar 2024, mai kwasar ƙarshe asara take yi ko da an ba ta kuɗinta cif. Ba ya kuma wuce girman unguwa. Amma ya warware matsalar da manyan shafukan intanet har yau suke fama da ita, wato yadda za a san wanda ake bai wa kuɗi.

Da aka cire wannan sanayya ba a sa komai a gurbinta ba, an ga abin da ya biyo baya. MMM, tsarin da Sergei Mavrodi ɗan Rasha ya ƙirƙira, ya shigo Najeriya da rigar taimakon juna: ka ba da taimako yau, a taimake ka da ƙarin kashi 30 cikin 100 bayan wata guda. Babu gona, babu masana'anta, kuɗin sabon shiga ake bai wa tsoho. A Disambar 2016 aka rufe asusun mutane, daga baya hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta ce kimanin mutum miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Ba a daddara ba, domin a Afrilun 2025 wani tsari irinsa mai suna CBEX ya sake kwashe na wasu. A China abin ya fi haka girma. Ezubao, shafin da ke cewa yana haɗa masu kuɗi da masu neman bashi, ya karɓi yuan biliyan 50 daga mutum kusan 900,000 kafin a rufe shi a ƙarshen 2015, aka kuma gano kusan duk ayyukan da yake tallatawa na bogi ne. Ƙasar da ta taɓa samun dubban irin waɗannan shafuka ta wayi gari a ƙarshen 2020 hukuma na cewa babu ko ɗaya da ya rage. Ita ma Zopa da ta fara harkar ta bar ta a 2021, ta zama banki kamar kowane banki.

Labarin shafukan noma ya fi ba da takaici, domin su ba damfara ce ta kafa su ba, kuma gonakin da yawa a Arewa suke. Farmcrowdy ta fara a 2016, Thrive Agric ta biyo baya, wasu da dama suka shigo. Dabarar mai kyau ce. Ma'aikacin banki a Legas ko ɗan Najeriya mazaunin Landan zai ɗauki nauyin kadadar masara ko shinkafa ko garken kaji ta waya, manomi a Kaduna ya sami iri da taki a kan kari, bayan girbi a raba. Manomin da banki ba ya ko kallonsa ya sami jari. Inda gizo ke saƙar shi ne alkawarin. An riƙa tallata riba ƙayyadajjiya, wasu har kashi 20 cikin 100 ko fiye cikin 'yan watanni, alhali noma ba ya da tabbas: fari, ambaliya, tsutsa, 'yan bindiga, faɗuwar farashi ranar girbi. A 2020, da annobar korona ta rufe hanyoyi da kasuwanni, Thrive Agric ta kasa biyan masu zuba kuɗi a kan lokaci, aka yi ta kai ruwa rana a shafukan sada zumunta kafin daga baya ta biya. Wasu shafukan ba su sake tashi ba.

A ganina kuskuren tun daga tushe yake, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da nuna shi. A mudaraba, mai kuɗi da mai aiki kason riba suke yankewa, rabi da rabi ko ɗaya bisa uku, ba adadi ba. In an faɗi ba da sakaci ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa guminsa. Haka uban gida a Kantin Kwari yake yi da yaronsa tun kafin a san waya. Wanda ya ce maka ka kawo kuɗi a yi noma kuma ya lamunce maka riba ko damina ta yi ko ba ta yi ba, ko dai bashi da ruwa yake karɓa ya canja masa suna, ko kuma wata rana da kuɗin wani zai biya ka.

Gumin jama'a

Ɗaya ɓangaren, na neman aiki ko basira daga taro, shi ma tsoho ne. A 1714 majalisar Birtaniya ta sa ladan da ya kai fam 20,000 ga duk wanda ya gano yadda jirgin ruwa zai san matsayinsa tsakanin gabas da yamma a tsakiyar teku. Manyan masana taurari suna nan, amma John Harrison, kafinta mai ƙera agogo, shi ya kawo maganin. A 1879 James Murray ya roƙi masu karatu su riƙa aiko masa da kalmomi da misalansu a 'yan guntayen takardu, da su aka gina babban ƙamusun Oxford.

Mu ma adabinmu na zube da irin wannan kira ya tashi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai a gasa. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Da hukumar ta ɗauki marubuci ɗaya aiki ta ce ya rubuta littafi biyar, da ba ta sami abin da ta samu ba. Hikimar ke nan: wanda ya fi iya abin sau da yawa ba ya cikin ma'aikatanka, ba ka ma san da shi ba sai ka yi shela.

A Kenya, bayan zaɓen Disambar 2007 da rikicinsa ya ci rayuka fiye da dubu, Ory Okolloh da abokan aikinta suka kafa Ushahidi. Duk wanda ya ga an ƙona gida ko an tare hanya ya aika saƙon waya, a sa ɗigo a taswira. An yi amfani da manhajar a Haiti bayan girgizar ƙasa ta 2010 wajen gano inda mutane ke neman agaji. Wikipedia kuwa, wadda ta fara a 2001 kuma masu sa kai ke rubuta ta, har da ta Hausa, ta yi wa kasuwar kundin ilmi illar da ba ta farfaɗo ba. Microsoft ta rufe Encarta a 2009, Britannica ta daina buga littattafanta a 2012. Abin lura a nan, a lissafin arzikin ƙasa wannan kamar raguwa ce, tunda an daina sayar da wani abu, alhali ɗalibi a Azare ko Maraɗi ya sami abin da a da sai ɗakin karatu na jami'a.

Amma ba duk aikin taro ne na sa kai ba. Tun 2005 kamfanin Amazon yake da wata kasuwa, Mechanical Turk, inda ake yanka aiki gunduwa-gunduwa, kamar duba hoto a faɗi abin da ke ciki ko sauraron murya a rubuta, a biya 'yan kwabbai kan kowane guda. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya gano matsakaicin abin da ma'aikaci ke samu a wurin bai fi kimanin dala 2 a awa ba. A Janairun 2023 mujallar Time ta ba da rahoton ma'aikata a Kenya da ke tace munanan rubuce-rubuce don horar da ƙirƙirarriyar basira ta kamfanin OpenAI a kan ƙasa da dala 2 a awa. Matasanmu masu waya da kwamfuta suna shiga irin wannan aiki, wasu har na naɗar muryar Hausa da fassara, kuma ga wanda ya gama jami'a yana zaune, dala biyu ba abin rainawa ba ne. Sai dai a san irin cinikin. A gayya, mai gona ya yi tuwo da fura, makaɗa su yi kiɗa, a gama noman yini guda, amma kowa ya san bashi ne: ranar da aka kira gayyar gonarka shi ma zai zo da fartanyarsa. Kamfanin da ke wata nahiya ba shi da ranar zuwa gonar kowa. Babu fansho, babu hutun ciwo, kuma ana iya rufe maka asusu da safe ba tare da an ce maka ga laifinka ba.

Inda jama'a ke biyan bashin hukuma

A 2019 shugaban GoFundMe na lokacin ya ce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake tarawa a shafin na jinya ne. Wannan a Amurka ke nan, ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi a kan lafiya. Yawan neman taimakon asibiti ba alamar yalwar tausayi kaɗai ba ce, ma'auni ne na ramin da inshora ta bari. Kuma rabon da jama'a ke yi ba na adalci ba ne. Jariri mai kyan hoto ya fi dattijo mai ciwon ƙoda samu. Wanda ɗan'uwansa ke da mabiya dubu ɗari a Facebook ya fi na ƙauyen da babu sabis. Wanda ya iya tsara magana ya fi wanda ciwonsa ya fi tsanani.

Mafi ɗaci a wurinmu shi ne karo-karon kuɗin fansa. A Janairun 2024 aka sace wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya a yankin Bwari na Abuja, aka kashe ɗaya da wa'adin biya ya wuce. Aka buɗe neman taimako a shafin X, tsohon minista Isa Ali Pantami ya sanar cewa wani abokinsa zai ba da naira miliyan 50, ministan tsaro na lokacin Mohammed Badaru Abubakar ya fito ya yi gargaɗi a daina tara kuɗin fansa a bainar jama'a. Tun a Afrilun 2022 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin ɗaurin shekara 15 ga mai biyan fansa. Hujjar hukuma ba ta rasa tushe: ɓarayin ma suna da waya, suna ganin abin da aka tara, kuma da zarar sun san gari guda ne zai biya ba uba ɗaya ba, farashi zai tashi. Amma wa zai kalli uban da 'ya'yansa ke daji ya karanta masa wannan darasi? Kamfanin bincike na SBM Intelligence ya ƙirga mutum fiye da 7,500 da aka sace tsakanin Yulin 2023 da Yunin 2024, da fansar da aka biya sama da naira biliyan 1, kuma wannan abin da ya fito fili ne kawai. A ƙauyukan Zamfara da Katsina ba a ma buƙatar intanet: gida-gida ake bi, a sayar da hatsi da shanu, wani lokaci kuɗin izinin girbe gonar kai ake haɗawa. Jari ne ake cirewa daga noma ana miƙa wa mai sayen bindiga.

A Sudan, tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, al'adar nafir, wadda ita ce gayyarsu, ta riƙe rayukan da hukuma da manyan ƙungiyoyin agaji suka kasa kai wa gare su. Matasan unguwanni suka kafa ɗakunan agajin gaggawa da tukwanen abinci na jama'a da suke kira takaya, 'yan'uwa mazauna waje suna turo kuɗi ta manhajar Bankak. Da aka katse intanet a Fabrairun 2024, tukwane da yawa suka sauka daga murhu, domin hanyar kuɗin ce aka toshe.

Gwamnatoci ma sun san daɗin aljihun jama'a. Jomo Kenyatta ya mai da harambe, wato haɗa hannu, taken Kenya tun 1963, aka gina makarantu da ɗakunan shan magani da karo-karo, har abin ya zama dandalin da 'yan siyasa ke baje kolin kuɗin da ba a san asalinsu ba, sai da dokar ɗa'ar ma'aikatan gwamnati ta 2003 ta taka musu birki. Habasha ta fara gina babbar madatsarta a kan kogin Nilu a 2011 da takardun lamuni da gudummawar 'yan ƙasa, ma'aikata na ba da albashin wata guda, ko da yake ba kowa ne ya bayar da son ransa ba. Sukuk ɗin farko na gwamnatin Najeriya a 2017, wato takardar lamuni marar kuɗin ruwa, ya tara naira biliyan 100 don hanyoyi 25, kuma da naira 10,000 mutum zai iya shiga. Wannan ya fi kusa da abin da ake nema: kuɗi kaɗan, aiki sananne mai allo a bakin titi, da haƙƙi rubutacce.

A Janairun 2021 hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannayen jari a Najeriya ta fitar da ƙa'idojin tara jari daga jama'a. Matsakaicin kamfani zai iya tara har naira miliyan 100 cikin wata 12, ƙarami miliyan 70, ɗan ƙanƙani miliyan 50. Mutum na gama-gari ba zai zuba fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu a shekara ba. Dole a bi ta shafin da ya yi rajista, shi kuma shafin, a lokacin, sai yana da jarin naira miliyan 100. Dokar zuba jari ta 2025 ta ƙara da ɗauri ga masu tsari irin na MMM. Duk wannan kariya ce da aka daɗe ana buƙata.

Sai dai ƙa'idar ta fi karkata ga kamfani mai rajista da tarihin aiki na shekara biyu. Ƙididdigar hukuma ta ce ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Najeriya sun kusa miliyan 40, kuma mafi yawansu na mutum ɗaya ne ko biyu. Mai ɗinkin takalmi a Ƙofar Wambai, mai gyaran shinkafa a Kura, matar da ke matsar man gyaɗa a cikin gida, lissafinsu a ka yake ko a bangon shago. Banki kuwa, a lokacin da babban bankin ƙasa ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, ba wurin zuwansu ba ne ko da sun yarda da ruwan. Su ne suka fi kowa buƙatar naira miliyan biyu daga mutum ɗari, su ne kuma ba za su iya cika takardun ba. Waɗanda suka san su, suka san wanda ke biya da wanda ke gudu, su ne shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, sarakunan sana'a, da ƙungiyoyin gama kai. Kowace ƙungiya a Dawanau ko Singa tana da rajistar 'ya'yanta, tana sasanta rikicin bashi kafin ya kai ga 'yan sanda, tana iya hana mutum ciniki in ya ci amana. Masu manhaja a Legas da Abuja suna da hanyar kuɗi da lasisi, shugabannin kasuwa suna da sanayya, kuma kawo yanzu kowane ɓangare harkarsa yake yi shi kaɗai.